An ɗauke wasan Sallah daga Ikeja zuwa Lekki: mu je, ko mu nemi kuɗinmu?

Ɗan_Agege
Assalamu alaikum jama'ar gida. Wa ya ga sanarwar da masu shirya wasan gobe suka saki? Da daren nan bayan isha'i suka sa a Instagram cewa wasan ba zai yiwu a zauren Ikeja ba, sun mayar da shi wani fili a Lekki, can gaba da Jakande. Dalili, wai abubuwan da suka fi ƙarfinsu. Ko saƙon waya ba su turo ba, alhali sun karɓi lambobinmu ranar da muka biya. Ƙanena ne ya gani ya turo min.

Tikiti biyu na saya, N15,000 kowanne, nawa da na uwargida. Kuma abin da ya sa na saki kuɗin shi ne Ikeja. Daga Pen Cinema mota ɗaya ce, ko ƙarfe ɗayan dare aka tashi ba za mu rasa abin da zai kawo mu gida ba. Yanzu an ce Lekki, kuma a fili, cikin daminar nan.

Tambayata biyu ce. Wanda ya sayi tikitin Ikeja aka wayi gari aka ce ya tafi Lekki, yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa, ko kuɗin sun tafi ke nan? Sannan ku da kuka yanke za ku je, ta ina za ku dawo?

Na_Ajah
Alhamdulillahi! Yau dai an tuna da mu. Shekara da shekaru mu ne ke ƙetare gada zuwa Agege da Idi-Araba duk sanda aka kawo mawaƙi daga Kano, ba wanda ya taɓa tambayarmu yaya muka koma gida. Ku ma ku ɗanɗana.

Gwarin_Mile12
Na_Ajah, ba ɗaya ba ne. Kai kafin ka ba da kuɗinka ka san inda za ka, ka yi lissafin motarka da wurin kwananka. Mu kuwa an sayar mana da Ikeja ne aka kawo mana Lekki. Ni motocin tumatir da tattasai da tsakar dare suke shigowa kasuwa, kafin asuba dole ina bakin kayana, Lahadi ko ba Lahadi ba. Daga Ikeja zan iya barin wasa ƙarfe sha biyu in runtsa kaɗan in fito. Daga Lekki kuwa sai dai in wuce kasuwa da shaddar Sallah a jikina.

Zee_Surulere
Ni abin da ya fi ƙona min rai, sun kulle wajen sharhi a ƙarƙashin sanarwar. In kana da gaskiya me zai sa ka rufe wa mutane baki?

Maman_Hanifa
Ku maza maganar mota kuke yi. Mu mata tamu ta wuce nan. Mu biyar ne daga Idi-Araba muka haɗa kai, kowace ta nemi izinin maigidanta, aka bar mu a kan cewa zaure ne mai ƙofa da kujeru, a Ikeja, kuma ƙanen ɗaya daga cikinmu zai kai mu ya ɗauko mu. Yanzu da wane baki zan koma in ce wa Baban Hanifa fili ne a Lekki, kuma ban san ƙarfe nawa zan shigo ba? Ban ma tunkare shi ba, na san amsar. Mun yi ɗinki iri ɗaya, an yi mana lalle tun Laraba. Wallahi ba kuɗin tikitin ne ke damuna ba, yadda aka mai da mu ba a bakin komai ba ne.

Ustazun_Alaba
'Yar uwa, wataƙila alheri ne Allah ya nufe ku da shi. Dubu sha biyar ta sayi abin kirki a gida. Allah ya sa mu gane.

Zee_Surulere
Allah gafarta Malam, amin, amma ba fatawar zuwa wasa aka nema ba. An karɓi kuɗin mutane a kan alkawari an saɓa. A kan wannan me littafi ya ce?

Ustazun_Alaba
Wannan kam ba ta da wahala. Cika alkawari wajibi ne, kuma wanda ya sayar da abu da wata siffa ya zo da wata, mai saye yana da zaɓi, ya karɓa ko ya fasa a ba shi kuɗinsa. Ra'ayina game da wasan kansa yana nan inda yake.

Baban_Danfo
Bari in ba ku lissafin hanya tunda sana'ata ce. Wanda zai taso daga Agege, zai hau zuwa Oshodi, daga Oshodi ya kama ta Obalende ko CMS, daga can ya shiga motar Ajah ya sauka bayan Jakande. Mota uku ke nan, in an yi sa'a. Zuwan ba shi ne abin tsoro ba, ranar Asabar da rana hanya takan ɗan saki. Dawowar ce. In dare ya raba, motocin Obalende sun yi ƙaranci, wanda ya rage kuma kuɗin da ya ga dama zai yanka maka. Gadar Third Mainland kilomita 11.8 ce a kan ruwa, in mota ta mutu muku a tsakiya da ƙarfe biyun dare ba shago ba mai shayi, sai ku da Allahnku. Kuma lokacin ne 'yan wan-cans ke yawo da motocinsu, ka ga mota da fasinja uku a ciki ka ɗauka Allah ya kawo maka sauƙi, ashe duk nasu ne.

Shawarata, duk wanda zai je kada ya dogara da motar hanya. Ku haɗu ku yi shata, mota ta kai ku ta jira ku. Tawa tana cin mutum sha huɗu. In an cika zan tsaya a gindin gadar Pen Cinema ƙarfe huɗu.

Sabon_Shiga
Ni wata uku ke nan da zuwana Legas. Ba za a iya hawa jirgin ƙasan nan ba? Na ga yana tsayawa a Agege.

Baban_Danfo
Ƙanena, jan layi ke nan, daga Agbado yake tasowa ya bi Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba ya tsaya Oyingbo. Bai ƙetare ruwa ba. Shuɗin layi shi ne ke tsakanin Mile 2 da Marina. Babu ko ɗaya da ya leƙa Lekki, kuma ba sa kwana suna aiki. Ka ga da a Ikeja aka bar wasan, daga Agege tashar gaba ce kawai, ka danna katin Cowry na biyan kuɗin jirgi ka sauka.

Sabon_Shiga
To acaɓa fa? Daga bakin titi zuwa filin.

Ɗan_Acaɓa_Ojo
Kada ka kuskura. Tun 1 ga Yuni 2022 gwamnatin jiha ta hana acaɓa gaba ɗaya a Eti-Osa, kuma Lekki a cikinta take. In 'yan tas-fos suka kama, ba mai mashin kaɗai ba, har wanda aka goya yana cikin laifi. Mashina ɗaya ta tafi a irin wannan, ban sake ganin ko madubinta ba.

Na_Ajah
To ai Ikejar da kuke kuka a kanta ita ma tana cikin waɗanda aka hana a ranar. Ikeja, Surulere, Apapa, Mainland, Island, Eti-Osa, duk tare aka sanar. Kada a riƙa yi kamar mu ne kaɗai muke bayan gari.

Ɗan_Acaɓa_Ojo
Haka ne, tana ciki. Amma a Ikeja keke da korope, ƙananan bas ɗin nan, suna ko'ina har dare. A wajenku in ka sauka a babban titi, lungunan estet ɗin nan sai dai ƙafa, ga masu gadi suna tambayarka gidan wa za ka.

Tsohon_Furomota
Na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na yi wannan harka shekaru kafin in koma sayar da kayan waya a Computer Village, kuma ba ni da hannu a wasan gobe, ban ma san masu shi ba. Amma bari in gaya muku yadda ake kaiwa ga irin wannan sanarwa, don ku san da wa kuke magana.

Zaure a Legas ba a ba ka shi da baki. Za ka ba da kafin alƙalami a rubuta maka rana, sauran kuɗin kuma akwai ranar da dole ka cika, galibi kwanaki kafin taron. Yawancin masu shirya wasanninmu ba su da jarin da zai ɗauki wannan. Da kuɗin tikiti suke biyan komai: kuɗin mawaƙi da yaransa, jirginsu daga Kano, masauki, kayan sauti, dizal na janareta, 'yan tsaron ƙofa. Mu kuma mutanenmu kun san halinmu, ba ma sayen tikiti da wuri, sai ranar a zo bakin ƙofa ana neman ragi. To in ranar cikawa ta zo kuɗi bai taru ba, mai zaure ba ya jira. A lokacin Sallah akwai mai biki ko wani taron coci da ke tsaye da kuɗinsa a hannu. Sai a ba shi ranar, kai kuma ka shiga neman inda za ka kafa rumfa cikin kwana biyu.

Akwai kuma akasin haka. Wani lokaci tikitin ne aka sayar fiye da abin da zauren zai ɗauka. Babban taro a jihar nan sai da takardar hukumar kula da lafiyar taruka, su duba ƙofofin fita da yawan mutanen da wuri zai iya ɗauka. In mai zaure ya ga an ninka masa adadi, zai ce ba da shi ba, domin shi za a rufe wa wuri.

Ko wanne ne daga ciki, abu ɗaya na tabbata: ba daren nan suka sani ba. Ba a samun fili a Lekki, a kai dandamali da fitilu da janareta, a cikin awa uku. Sun sani tun tsakiyar mako, suka yi shiru don kada a daina saye.

Gwarin_Mile12
To ka gani. Wannan shirun shi ne cutar. Da tun Laraba suka faɗa, da na sayar da nawa cikin kwanciyar hankali.

Masoyin_Waƙa
Don Allah a daina zagin mawaƙin a shafinsa. Na leƙa na ga abin da ake rubutawa, abin kunya. Shi gayyato shi aka yi, ina ruwansa da zaure?

Zee_Surulere
Ruwansa shi ne fuskarsa ce a fosta. Ba don mai shiryawa na ba da kuɗina ba, ko sunansa ban sani ba. Shi ne ya yi bidiyo yana cewa mu haɗu a Ikeja. Ya sake yin wani mana, ya ba mu haƙuri. Minti ɗaya zai ɗauke shi.

Tsohon_Furomota
Zee, sau da yawa mawaƙin ma a filin jirgi yake jin labari. Amma kina da gaskiya a wani ɓangare: manajansa yana da ƙarfin da ku ba ku da shi. In ya ce yaronsa ba zai hau dandamali ba sai an buɗe hanyar mayar da kuɗi ga wanda ba zai iya zuwa ba, a daren nan za a buɗe.

Ɗalibin_Lauya
Bari in koma kan tambayar Ɗan_Agege ta farko, don naga an yi nisa. Ni ɗalibi ne, ban zama lauya ba tukuna, amma ga abin da yake a fili.

Tikiti yarjejeniya ce. An ce maka wane zai yi wasa, rana kaza, wuri kaza, ka biya a kan haka. In aka matsa daga wani zaure zuwa na kusa da shi a unguwa ɗaya, da wuya ka ce an cuce ka. Amma daga rufaffen zaure a Ikeja zuwa buɗaɗɗen fili a Lekki, da sanarwar da ba ta kai kwana ɗaya ba, wannan an taɓa gindin cinikin. Akwai dokar tarayya ta 2018 mai kare masu saye, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta shafi ayyuka irin wannan, ba kayan shago kaɗai ba. Jihar Legas ma tana da tata hukumar, LASCOPA. Duka biyun suna karɓar ƙorafi.

Abin da za ku yi a daren nan: ku ɗauki hoton fostar farko mai ɗauke da Ikeja kafin su goge, da hoton sabuwar sanarwa yadda lokacinta zai fito, da rasit ko alat na banki. Ku rubuta musu a rubuce, ta imel ko WhatsApp, cewa ba za ku iya zuwa sabon wurin ba kuma kuna neman kuɗinku. Ku aika kafin wasan, ba bayansa ba. Kuma wanda ya nemi kuɗinsa kada ya je ya shiga da tikitin, in an danna shi a ƙofa magana ta ƙare.

Ɗan_Agege
Na gode, Barista. Amma na duba ƙasan tikitin, an rubuta da ƙananan haruffa cewa ba a mayar da kuɗi.

Ɗalibin_Lauya
Wannan rubutun yana da ƙarfi ne in kai ka fasa don ra'ayinka. Ba ya ba mai sayarwa damar canza abin da ya sayar sannan ya riƙe kuɗi. Sai dai ka duba da kyau ko sun sa sharaɗin cewa suna iya canza wuri, in yana nan gardamar za ta ɗan yi tsawo, ko da yake ba ta mutu ba. In sun ƙi, akwai kotun ƙananan basussuka da Legas ta buɗe a 2018 a kotunan majistare, tana sauraron abin da bai wuce naira miliyan 5 ba, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Sai ka fara aika musu takardar neman haƙƙi tukuna.

Gwarin_Mile12
Barista, in bar kayan gwari suna ruɓewa in je kotu a kan dubu sha biyar? Su ma sun san ba za mu je ba, shi ya sa suke yi.

Ɗalibin_Lauya
Mutum ɗaya ba zai je ba. Amma in mutum hamsin suka sa hannu a takarda ɗaya aka kai hukuma, lissafin ya canza. A gidan nan kaɗai mun kai.

Baƙon_Ibadan
Ku naku da sauƙi. Ni daga Sabo na taso yau, na hau jirgin ƙasa daga Moniya na sauka, na kama ɗaki kwana biyu a Ikeja don in taka da ƙafa zuwa zauren. Na biya duka. Ina kwance a ɗakin nan nake karanta ku. Wa zai mayar min da kuɗin otal? Tunda na riga na zo, zuwa zan yi, ko a cikin teku suka kafa shi. Baban_Danfo, ka riƙe min kujera ɗaya.

Mai_Tsire_Ogba
Ba wanda ya tuna da mu. Na sayi nama na musamman saboda gobe, na daka yaji, na ɗauki yara biyu, na biya masu shiryawa kuɗin wurin kafa tukuba a bakin zauren. Yanzu na kira wanda ya karɓi kuɗin, wayarsa a kashe. Ko na ɗauki kayan zuwa Lekki, ban san ko masu filin suna da nasu masu abinci ba, irin wuraren nan ba sa barin na waje. Ga wuta ba ta tsayawa balle in ce firiza za ta riƙe min shi. Mai ruwan leda da mai hoto da ke tare da ni duk haka suke zaune.

Maman_Hanifa
Allah sarki, Malam. Allah ya mayar maka da alheri. In ka kafa a unguwa gobe ka faɗa mana wurin, mu biyar ɗin nan dai kwalliyarmu ba za ta tafi a banza ba.

Tsohon_Ikko
Yara, ku bar tsoho ya sa baki. Na shigo garin nan kafin a gama gadar Third Mainland da kuke magana, ina nan aka buɗe ta a 1990. A zamaninmu in makaɗi ya sauka Agege, a gidan mai masaukinsa yake, da yamma a share ƙofar gida a shimfiɗa tabarmi a jera kujeru. Ba tikiti. Wanda aka wasa ya tashi ya yi kari, da haka makaɗi ke samun nasa. In ruwa ya sauko a ɗage zuwa gobe, kuma kafin magariba kowa ya ji, domin labari daga bakin mai shayi zuwa masallaci yake bi. Wanda ya gayyato makaɗin kowa ya san gidansa da ubansa, in ya yi abin kunya a gaban Sarkin Hausawa za a tsayar da shi. Yanzu kun tura kuɗi wa lambar asusu, ba ku san fuskar mai ita ba.

Ba cewa nake a koma tabarma ba. Tambaya nake: duk yawanmu a Agege da Mile 12 da Idi-Araba da Alaba Rago da Obalende, da attajiranmu na canji da na shanu, me ya hana a ce muna da zauren taro namu guda ɗaya mai kyau?

Na_Ajah
Baba, ranka ya daɗe, in an tashi ginawa a ina za a sa shi? Nan ma sabon faɗa ne.

Masoyin_Waƙa
Ni da za a bi tawa, a riƙa kai irin wannan wasa tsakiya. Ga gidan wasan ƙasa na Iganmu da aka gina don bikin al'adu na FESTAC 77, an gyara shi, har jirgin shuɗin layi yana da tasha a wajen. Ga dandalin Tafawa Balewa, motocin BRT daga Ikorodu a bakinsa suke tsayawa. Na Agege da na Ajah kowa ya yi rabin tafiya.

Tsohon_Furomota
Wanda ya kasa riƙe zaure a Ikeja kake aikawa waɗannan wuraren? Ka tambayi kuɗinsu tukuna.

Hajiyar_Canji
A yi hattara. Tun ɗazu mutum biyu suka biyo ni ta akwatin sirri wai su wakilan masu wasa ne, in turo lambar katina da lambar da banki zai aiko min za su mayar min da kuɗi. Ƙarya ce. Mai mayar maka da kuɗi lambar asusu kawai yake buƙata. Haka masu cewa za su sayi tikiti, kada ka tura hoton tikitinka sai ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin da idonka, alat na bogi ya yi yawa. In ya riga ka shiga da hoton, kai ne za a tsayar a ƙofa.

Shugaban_Gida
Na cire lambobi biyun da Hajiya ta nuna min. Duk mai sayar da tikiti ya rubuta a nan fili, ba a fi kuɗin da aka saya ba. Wanda ke son sa hannu a takardar Ɗalibin_Lauya ya tura min sunansa da hoton rasit.

Na_Ajah
Barka da safiya. Na bi ta wajen filin da na fito sallar asuba, don kada a ce da baki kawai nake murna. Gaskiya ana aiki, an kafa dandamali, motar janareta tana ciki. Amma rumfa ɗaya ce, a kan kujerun manyan baƙi. Sauran fili ne, yashi da ciyawa, kuma ruwan daren jiya ya kwanta a bakin ƙofa har sun jera bulo ana takawa. Mata masu dogon takalmi ku yi tunani. Wanda ya biya kuɗin tebur ban san inda za a sa shi ba, tebura shida na ƙirga.

Kuma duk wasan da na yi jiya, ɗakina yana ɗaukar mutum huɗu in an matsa. Wanda dare ya yi masa ya kwana, da safe ya wuce.

Gwarin_Mile12
Yanzu ka yi magana. Allah ya saka. Ni dai na sayar da nawa ga wani yaron shagon Hajiya, na huta.

Zee_Surulere
Sun sake sanarwa yanzu. Wai za su sa motoci kyauta daga tsohon zauren zuwa sabon wuri daga ƙarfe uku. Ba su ce komai a kan dawowa ba, ba su ce komai a kan mayar da kuɗi ba.

Baban_Danfo
Mota nawa? In ba su faɗi adadi ba, ku ɗauka biyu ce. Kuma ku tambayi direban da bakinku ko an biya shi na dawowa, domin in rabin kuɗi aka ba shi, yana sauke ku zai juya.

Ɗan_Agege
Na tura musu saƙo kamar yadda Barista ya ce, an karanta ba a amsa ba. Uwargida ta ce ita ba za ta taka bulo da sabon leshi ba, don haka mun fasa, sunana yana wajen Shugaba. Amma ƙanena ya nace sai ya je, da nasa tikitin. Baban_Danfo, amana, ka dawo min da shi.

Masoyin_Waƙa
Ni kam zan je. Shekara biyu rabon da a kawo shi Legas, kuma in fili ya zama wayam, gobe masu kawo mawaƙa za su ce Hausawan Ikko ba sa fitowa, su daina kawowa. Wannan ma asara ce.

Zee_Surulere
In kuma fili ya cika, za su ce ko ina aka jefa mu za mu bi, baɗi su sake. Zaɓi wadda ka fi so.

Ɗalibin_Lauya
Ba sai an zaɓa ba. Mai zuwa ya je, wanda ba zai iya ba ya nemi haƙƙinsa. Waɗanda za su je ma ku taimaka, ku ɗauko mana hoton wurin da lokacin da aka fara, musamman masu tikitin tebur in ba a ba ku tebur ba. Takardar za ta fita ranar Litinin.

Mai_Tsire_Ogba
Wayar mutumin ta shiga. Ya ce wai in zo Lekki za a san yadda za a yi. Ban yarda da "za a san yadda za a yi" ba. Na kafa a bakin layinmu, daga la'asar akwai tsire da balangu. Kuɗin wurin da na biya kuwa, Barista, ni ma a sa ni a takardar, ko da yake ba rasit ya ba ni ba, tiransifa na yi masa.

Ɗalibin_Lauya
Tiransifa ma shaida ce. Turo hoton, da saƙonnin da kuka yi.

Baban_Danfo
Mutum sha ɗaya ke nan, saura uku. Hadari ya haɗo ta wajen Ikeja, kowa ya zo da lema ko leda. Ƙarfe huɗu da kwata zan tayar, cike ko ba cike ba, wanda ya makara ya bi motar kyauta.

Sabon_Shiga
Yaya, a gindin gadar ta wane ɓangare? Ina nan tsaye wajen masu burodi ban ga motarka ba.